Amfani da Safar Hannu Wajen Gyaran Mota da Injinan Gona a Gida

Gabatarwa

Hausawa sun daɗe da zama a Agege ta Jihar Legas. Fataucin goro ne ya fara tara su a can, sannan hanyar jirgin ƙasa wadda ta haɗa Legas da Kano tun shekarar 1912 ta ƙara sauƙaƙa zuwa da komowa. A yau akwai Hausawa da yawa a Agege da maƙwabciyarta Ogba waɗanda abincinsu ya dogara ga noma da kiwo. Wasu na kawo dabbobi mayankar Oko-Oba, wasu na dakon tumatir da albasa da tattasai daga Arewa zuwa kasuwanni irin su Mile 12, wasu kuma na da injin niƙa ko 'yan lambunan ganye.

Kusan kowanne daga cikinsu yana da wani inji da sana'arsa ta rataya a kai: a-kori-kura, babur, keke mai ƙafa uku, janareto ko injin ban ruwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin ɗawainiyar abin hawa ya ƙaru, kuma mai abin hawa kan ga ya fi masa sauƙi ya yi ƙananan gyare-gyare da kansa a ƙofar gida, kamar juyen mai, canza fulogi, wanke kafireto, duba ruwan batir da canza taya. Wannan tattali ne mai kyau. Matsalar ita ce galibi da tsurar hannu ake yin aikin, alhali hannun nan shi ne jarin manomi. Yanka ɗaya a tafin hannu na iya hana mutum aiki na tsawon makonni.

An shirya wannan bayani domin malaman gona da manoma su san irin safar hannun da ta dace da kowane aiki, da kuma wurin da sanya ta ke zama haɗari.

Abubuwan da ke cutar da hannu

1. Baƙin mai. Man juyen da ya gama aiki a cikin inji yana ɗauke da ragowar ƙunar mai da ɓurɓushin ƙarfe. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna cewa yawan shafa shi a fata na jawo ciwon daji na fata, shi ya sa kamfanonin mai ke buga gargaɗi a jikin galan. Ko ba a kai ga haka ba, yana toshe ƙofofin gashi ya haifar da ƙuraje.

2. Fetur da gas da kananzir. Suna narkar da maiƙon da ke kare fata, sai ta bushe, ta yi kaushi, ta tsattsage. Fetur na ɗauke da sinadarin benzin wanda ke iya ratsa fata ya shiga jini. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta daɗe da sanya benzin cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na jini, kuma a shekarar 2025 ta sanya fetur ɗin mota kansa a wannan rukuni.

3. Ruwan batir. Kimanin kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne mai cin fata da tufafi. Kawunan batir kuma na dalma ne. Dalmar da ta maƙale a yatsu kan bi abinci ko goro ta shiga ciki, kuma ta fi yi wa yara ƙanana illa. Ba a manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400.

4. Man birki da ruwan sanyaya inji. Suna fusata fata. Ruwan sanyaya inji mai launi yana da zaƙi-zaƙi, ga shi guba ne ga yara da dabbobi.

5. Zafi. Salansa da jikin inji na ƙona hannu nan take. Ruwan lagireto kan wuce zafin tafasa saboda a matse yake, idan aka buɗe murfin da zafinsa sai ya yi tsartuwa.

6. Yanka da suka. Gefen kwano, waya, tsatsar ƙusa da suɓucewar sifana su ne suka fi jawo rauni. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wato tetanos, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Saboda haka mai gyaran motar da ta yi dakon shanu, ko injin ban ruwan da ke ajiye kusa da takin gargajiya, ya fi kowa bukatar kiyaye hannunsa daga rauni.

Ire-iren safar hannu da aikin kowacce

Babu safa ɗaya da ke maganin dukkan waɗannan. Kowacce da abin da aka yi ta dominsa.

Safar naitiril. Roba ce ta masana'anta wadda mai ba ya saurin cin ta. Ita ce ta dace da juyen mai, shafa giris, canza tacen mai da wanke kayan inji. Iri biyu ce. Akwai siririya wadda ake sawa sau ɗaya a yar, tana kare hannu daga fantsama kuma ba ta hana jin noti a yatsa, amma fetur na ratsa ta cikin ɗan lokaci, don haka a canza ta da zarar ta jiƙe. Akwai mai kauri, doguwa zuwa tsakiyar damtse, wadda ake wankewa a sake sawa. Ita ake bukata idan za a tsoma hannu cikin mai.

Safar roba ta asibiti. An yi ta da ƙaron itacen roba, domin aikin jinya. Mai da fetur na kumbura ta su yaga ta. Ba ta dace da aikin inji ba, ko da yake ita ce ta fi sauƙin samu a kantin magani.

Safar PVC mai kauri. Ta dace da aikin batir. Naitiril mai kauri ma na yin wannan aikin.

Safar fata. Tana kare hannu daga zafi, karta da gogayya. A sa ta wajen canza taya, ɗaga jak, ɗaukar ƙarfe da jan igiya ko sarƙa. Tana shan mai, kuma ba ta wankuwa daga gare shi.

Safar auduga. Amfaninta kaɗan ne, sai dai ɗaukar kaya busassu. Idan ta jiƙe da baƙin mai takan riƙe shi a jikin fata yini guda, wanda hakan ya fi tsurar hannu illa.

Safar zare mai shafen naitiril a tafi. Tana riƙe sifana da kyau, iska na shiga ta bayanta, kuma ta dace da kwance noti da sauran aikin da babu tsoma hannu a mai. Bayanta ba ya hana ruwa shiga.

Wajen saye a duba tambarin da ke jikin safar ko ledarta. Mai hoton guduma da rubutun EN 388 an gwada ta a kan gogayya, yanka, yagewa da suka, kuma lambobin da ke ƙarƙashi na nuna ƙarfinta a kan kowanne bi da bi: gwargwadon girman lamba, gwargwadon ƙarfi. Mai hoton kwalbar gwaji da rubutun EN ISO 374 an gwada ta a kan sinadarai. A gwada safa a hannu kafin a biya. Wadda ta yi yawa na sa kayan aiki suɓucewa, wadda ta matse kuma na saurin yagewa.

Inda ba a sanya safa

Wannan shi ne sashen da ya kamata malamin gona ya fi nanatawa. Kada a kusanci abin da ke juyawa da safa a hannu. Fambel, fankar lagireto, sarƙar babur, bel ɗin injin niƙa, dutsen wasa wuƙa mai inji da sandar da ke juya kayan aiki a bayan tarakta duk suna iya cafke bakin safa. Fatar hannu kan yage mutum ya fizge, amma safa mai ƙarfi ba ta yagewa, sai ta ja yatsu da hannu gaba ɗaya zuwa cikin inji. Ƙa'idar ita ce a kashe inji, a zare makulli, a jira komai ya tsaya cak, sannan a sa hannu. Idan gyaran na bukatar inji ya kasance a kunne, a bar wa bakanike.

Haka kuma babu safar da ke tare man da ke fita da matsi daga nozul ɗin injin gas ko bututun haidirolik na tarakta. Yana huda safa da fata ya shige cikin nama. Ramin kan yi kama da sukar allura, amma ɓarnar da ke ciki na iya kaiwa ga yanke yatsa. A nemi wurin yoyo da guntun kwali, kada a shafa da hannu. Wanda hakan ta same shi a kai shi asibiti nan take, ko da ba ya jin ciwo.

Matakan aiki

1. A bar inji ya huce kafin a taɓa shi.
2. A cire zobe da agogon ƙarfe. Idan zobe ya haɗa kan batir da jikin mota yakan yi jajir ya ƙone yatsa.
3. Wajen cire batir a fara kwance wayar da ke da alamar ragi, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe. Kada a sha taba kusa da batir.
4. A gwada safar roba kafin a sa: a kama bakinta a naɗe don iska ta cika yatsun, a ga ko tana fita. Kada a hura da baki. Mai huda a yar da ita.
5. A rufe duk wani tsohon rauni da filasta kafin a sa safa.
6. Zafi da laimar Legas na sa hannu gumi a cikin roba. A riƙa cire safa a busar da hannu lokaci-lokaci, ko a sa siririyar ta auduga mai tsabta a ciki.
7. Bayan aiki a wanke safa mai kauri da sabulu tana hannu, sannan a cire a shanya a inuwa. Siririya kuma a zare ta a juye, yadda dattin zai koma ciki.
8. A wanke hannu da sabulu da ruwa ko da an sa safa, musamman kafin cin abinci da alwala. A daina wanke hannu da fetur ko kananzir. Idan giris ya kama hannu, a murza man gyaɗa kaɗan, a goge da tsumma, sannan a sa sabulu.
9. A ware safar gyara daban da ta feshin maganin ƙwari. Kada a yi feshi da safar fata ko ta auduga, domin suna tsotse magani.
10. A tara baƙin mai a galan mai murfi, nesa da yara. Kada a zuba shi a kwata ko a lambu, kuma kada a shafa wa dabba shi da sunan maganin kaska ko ƙazuwa.

Idan an samu rauni

Ruwan batir a fata ko ido: a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti 20, sannan a tafi asibiti. Ƙuna: a sanyaya da ruwa mai gudana na minti 20, kada a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai ko man juye. Yanka: a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da sabulu, a rufe. Al'adar zuba man birki a kan yanka kuskure ce, yana lalata nama ya jinkirta warkewa. Idan raunin mai zurfi ne, ko ƙasa da kashin dabbobi sun shiga, a je asibiti a ranar. A faɗa wa ma'aikacin lafiya lokacin da aka yi allurar tetanos ta ƙarshe, domin a irin wannan rauni akan sake ta idan an wuce shekara biyar. Alamun cutar kan bayyana ne tsakanin kwana 3 zuwa 21, lokacin da mai raunin ke ganin ya riga ya warke.

Shawara ga malaman gona

Bayani da baki kaɗai ba ya wadatarwa. A tafi taron manoma ko na direbobi da samfurin safofin. A jiƙa safar asibiti da ta naitiril a cikin fetur kaɗan, a fili, nesa da wuta, jama'a su ga bambancin da idonsu. A nemi haɗin kan shugabannin ƙungiyoyi da sarakunan Hausawa na unguwanni wajen tara mutane, a kuma ba ƙungiyoyi shawarar sayen safa a kan sari don farashi ya sauko. Malaman Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Legas, wadda ofishinta ke Oko-Oba, su ne mafi kusa da mazauna Agege da Ogba, kuma yana da kyau a riƙa aiki tare da su.

Kammalawa

Mai gyara a gida na bukatar safa iri biyu aƙalla: naitiril mai kauri domin mai da batir, da ta fata domin taya da ƙarfe. A ajiye su cikin leda tare da sifanu, yadda ba za a ɗauki kayan aiki a bar su ba. A kashe inji kafin a sa hannu, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, kuma a tabbata allurar tetanos ba ta tsufa ba.