Bakin alƙalin wasa da kunnen koci

A da, alƙalin wasan ƙwallon ƙafa usur ne bakinsa. In ya busa ya nuna da hannu, magana ta ƙare, ba mai binsa bashin bayani. Yanzu ba haka ba ne. A 2023 hukumar FIFA ta fara sa alƙalai su sanar da 'yan kallo hukuncin da suka yanke bayan duba na'urar VAR, kamar yadda aka gani a gasar cin kofin duniya ta mata ta wannan shekarar. A gasar Euro 2024 da aka yi a Jamus kuwa, UEFA ta ce alƙali ya riƙa yi wa kyaftin bayanin manyan hukunce-hukunce, sauran 'yan wasa su ja da baya.

Dalilin a fili yake. Tunda VAR ta zo, ana iya soke ƙwallo bayan an gama murnarta, koci yana tsaye a gefen fili bai san abin da ya faru ba, alhali mai kallo a gida ya ga maimaici. Shiru a irin wannan hali hura wuta yake yi. Ga kuma alƙali na huɗu da ke tsaye tsakanin benci biyu, dole kunnensa ya sha ƙorafi daga farkon wasa har ƙarshe.

Sai dai bayani daban, ra'ayi daban. "Hannu ya taɓa, kuma a cikin da'ira," wannan bayani ne, dokar wasa ce ke magana. Amma alƙali ya ce wa koci "da ni ne ba zan ba da fenaritin nan ba," ko "yaronka ya cika faɗuwa," to ya sayar da abokin aikinsa, ko ya nuna yana da wani abu a zuciya game da ɗan wasan tun kafin hukunci na gaba. Kocin ɗaya ɓangaren kuma yana kallo daga nesa, bai ji abin da aka faɗa ba, zai cike gurbin da zargi.

Abin da ya faru a Anfield a watan Afrilun 2023 ya isa misali. Bayan Liverpool ta ci Tottenham 4-3, kocinta na lokacin, Jurgen Klopp, ya ce alƙali Paul Tierney ya gaya masa maganar da ba ta dace ba lokacin da yake ba shi katin gargaɗi. Hukumar alƙalan Ingila ta saurari muryar da aka naɗa, ta ce Tierney bai kauce wa ƙa'ida ba. Klopp ne aka ci tarar fam 75,000, aka kuma dakatar da shi. Abin da ya wanke Tierney shi ne naɗar muryar, tsarin da Ingila ta ɗauka bayan Chelsea ta zargi alƙali Mark Clattenburg da faɗa wa ɗan wasanta John Mikel Obi kalaman wariyar launin fata a 2012, zargin da bincike bai tabbatar ba.

Wannan ne ya fi damuna game da filayenmu. A wasannin unguwa da na ƙananan rukuni babu makirufo, babu naɗi, kuma tazarar da ke tsakanin alƙali da fusatattun magoya baya ba ta da yawa. A nan, alƙali ya tsaya yana raɗa da koci ɗaya kawai ya isa a ce an saye shi, kuma ba shi da shaidar da za ta kare shi.

A ganina, alƙali ya gaya wa koci abin da ya gani da dokar da ya bi, a taƙaice, lokacin da wasa ya tsaya, da muryar da ɗaya kocin zai iya ji. In koci ya nemi ja-in-ja, tun 2019 doka ta ba alƙali ikon ɗaga masa kati kamar ɗan wasa. Ra'ayinsa kan ƙungiya, ko kan hukuncin mataimakinsa, ya ajiye shi sai an tashi, ya kai wa masu tantance aikin alƙalai.