Labarin Zuciyar Kyanwa, a Tambayi Wutsiya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ga ɗan Adam haka ne. Amma kyanwa, wadda mutanen Sakajiki da sauran ƙasar Kaura Namoda kan kira mussa, fuskarta ba ta cika ba da labari ba. Ko murna take yi ko ranta a ɓace yake, kusan kallo ɗaya take yi maka. Shi ya sa aka yi mata kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai, wasu ma suka ɗora mata munafunci, wai tana lafe a cinyarka sai ta kai maka yakushi ba gaira ba dalili. Ni ban yarda da wannan zargi ba. Kafin ta fitar da farce sai ta yi gargaɗi, kuma da wutsiya take yin sa.

Wutsiyar nan ci gaban ƙashin bayanta ce, ƙananan ƙasusuwa kusan 20 a jere, da jijiyoyi a tattare da su. Da ita take daidaita jikinta in tana bin kan katanga ko tana hawa rumbu.

In ta nufo ka da wutsiya a miƙe sama sak, wani lokaci bakin wutsiyar ya ɗan lanƙwasa, sallama ce ta yi. Haka 'ya'yanta suke tarar ta in ta dawo daga farauta. Kyanwar daji ta Afirka, wadda daga gare ta ta gida ta samo asali, ba a san ta da wannan gaisuwa ba bayan ta girma. Ana jin zama da mutane ne ya sa ta gida ta riƙe gaisuwar har tsufa. Zaman kuwa ya daɗe: a tsibirin Kubrus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, mutum da kyanwa binne kusa da juna. Hatsi ya tara ɓera, ɓera ya jawo kyanwa, kuma har yau wannan ce yarjejeniyar da ke tsakaninta da manomi. Game da miƙe wutsiya kuwa, masu bincike a Jami'ar Southampton ta Ingila sun taɓa kafa wa kyanwoyi baƙaƙen siffofin kyanwa na takarda, sai suka ga sun fi saurin kusantar wadda wutsiyarta ke sama.

Inda ake yin kuskure shi ne kaɗa wutsiya. Yaro ya saba ganin kare na kaɗa tasa don murna, sai ya ɗauka ita ma haka ne. Alhali kyanwar da ke kaɗa wutsiya da ƙarfi, tana bugun ƙasa da ita, cewa take yi ya ishe ta. In kunnuwa suka kwanta baya a kan haka, saura ƙiris. Wanda ya ci gaba da shafa ta, shi ya jawo wa kansa, don kyanwar Lami ce kaɗai ba ta cizo ba ta yakushi.

Da kaka, in an tara dammunan gero ana shirin cika rumbu, ko an jibge buhunan da za a kai kasuwar Shinkafi ran Alhamis, a tsaya a kalle ta. Ta lafe, jiki ko motsi babu, bakin wutsiya kawai ke ɗan rawa. Ta ji ɓera ke nan. A bar ta da aikinta.

Akwai kuma wadda ake gamuwa da ita da dare a lungu, ta gantsare baya, wutsiya ta kumbura ta yi buzu-buzu, idanu na walƙiya. In baƙa ce, nan da nan a ce aljani ne, a yi ta neman tsari. Baiwar Allah, tsoro ne ya kama ta, ta tayar da gashi don ta ƙara girma a idon abin da ya firgita ta. Wadda kuma ta cusa wutsiya tsakanin ƙafafu ta takure a gefe, ko dai a tsorace take ko ba ta da lafiya. Shi kuwa muzuru, abokin shaho a karin maganar zakara, in ya juya wa bango baya wutsiya na karkarwa a sama, fitsari yake fesawa don ya shaida wa sauran muzurai iyakarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jan wutsiyar da yara ke yi da sunan wasa. Fizga ɗaya mai ƙarfi na iya tsinka jijiyoyin gindin wutsiya, wutsiyar ta shanye, kyanwar ta kasa riƙe fitsari da kashi. Mu ne fa muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, muka kuma ji a wurin malamai cewa Abu Ƙatada ya karkata mata ƙwaryar alwalarsa ta sha. Iyaye mata, ku ne a cikin gida tare da yara da kyanwoyi. Ku koya wa yara: in wutsiya na sama su matso, in tana dukan ƙasa su ja da baya, kuma kada hannu ya taɓa kama ta.