Ko Ka Sani? Ciyawar Da Ke Tsabtace Tankin Kifi Tana Iya Kashe Su Da Asuba

Masu kiwon murjani da kifayen teku a tankin gilashi, musamman a Turai da Amurka, suna da wata dabara ta tsabtace ruwa. Sukan ajiye ƙaramin tanki a ƙarƙashin babban, su kunna masa fitila, su zuba ciyawar teku a ciki. Kashin kifi da ragowar abinci sukan rikiɗe su zama sinadaran naitret da fosfet, waɗanda murjani ba ya shiri da yawansu. Ita kuwa ciyawar, takinta ke nan. Tana sha tana girma, mai tanki yana yanka yana zubarwa.

Sai dai ba halaka dattin take yi ba, ajiye shi take yi a jikinta. Asusu ce: abin da aka yi wata da watanni ana jefawa, ranar da ta fashe a tashi ɗaya yake zubowa.

Wadda ta fi ƙaurin suna a nan ita ce Caulerpa. In ka gan ta za ka rantse tana da saiwa da kara da ganye, alhali duk jikin nan ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ba shamaki ko ɗaya a cikinta. Haihuwarta ma abin mamaki ce. Idan lokaci ya yi, ko wani canji na zafi ko haske ko gishiri ya takura ta, sai ta mayar da duk abin da ke cikinta ƙwayoyin haihuwa, ta fesar da su cikin ruwa ta wasu 'yan ƙananan tsiro, yawanci da asuba. Abin da ya saura farin ɓawo ne kawai. Haihuwar ita ce ajalinta.

A teku wannan ba komai ba ne, igiyar ruwa za ta kwashe. A tanki mai lita 200 kuwa ba wurin zuwa. Ruwa ya yi kore shar, ya gurɓace, bakteriya su far wa abin da ya zubo, suna ci suna shanye iskar oksijin. Ga shi asuba ce lokacin da iskar ta fi ƙaranci a tanki, don fitilu sun kwana a kashe, kuma dama ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba. Kafin mai gida ya farka kifaye sun taru a sama suna haki. Daga baya amoniya ta tashi, ga kuma caulerpenyne, gubar da ciyawar ke korar masu cin ta da ita.

Takan nuna alama tukuna: kara ya koɗe, koren ya taru ɗigo-ɗigo a ganye, 'yan tsiron nan su ɓullo. Wanda ya ga haka ya tsame ta nan take. In kuma ta riga ta fashe, sai canjin ruwa mai yawa, da gawayin tace ruwa, da ƙara iska. Wasu sukan bar mata fitila dare da rana, wai hakan na hana ta haihuwa. A ganina yawan yanka ya fi wannan tabbas, don abin da aka zubar ba zai dawo cikin ruwa ba. Da yawa ma sun koma ga Chaetomorpha, wadda jikinta ke da ɗakuna-ɗakuna, ba ta fashewa gaba ɗaya, ko da yake ita ma in ta cunkushe cikinta yakan ruɓe don rashin haske.

Zubar da yankan ma sai da lura. A 1984 aka ga Caulerpa taxifolia, irin wadda ake renon ta a tankuna, a teku daidai ƙarƙashin gidan adana halittun ruwa na Monaco, faɗinta kamar murabba'in mita ɗaya. Daga nan ta mamaye dubban hekta a Bahar Rum. A 2000 ta ɓulla a wani tafkin gaɓa a Carlsbad, jihar Kalifoniya. Sai da aka lulluɓe ta da tamfol aka zuba mata kilorin, kuma ba a ayyana an gama da ita ba sai 2006. Shi ya sa ake gargaɗin masu tanki kada su zuba ta a magudanar ruwa: a daskarar da ita a firiza na awa 24, sannan a jefa a kwandon shara.