Ɗaura Madigadi a Keken da Ba a Yi wa Ramin Noti Ba

Madigadi shi ne lanƙwasasshen ƙarfe ko robar da ake kifawa a saman tayar keke domin ya tare ruwa da taɓon da taya ke kwasowa daga ƙasa. Duk wanda ya saba da tsofaffin kekuna irin su Raleigh ta Ingila da Phoenix ta Sin, waɗanda suka daɗe suna dakon mutane da kaya a ƙasar Hausa, ba ya kallonsa a matsayin wani abu na daban, domin da shi ake fito da keken daga shago. Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai kuwa, musamman na tsere masu siraran tayoyi da na hawan duwatsu masu kaurin taya, da yawansu sukan iso ba madigadi, kuma ba ma wurin ɗaura shi, saboda masu ƙera su gudu da rashin nauyi suka sa a gaba. Mai irin wannan keke ba ya jin rashin sai damina ta kankama, lokacin da tayar baya za ta zana masa layin jan taɓo daga ƙugu zuwa ƙeya, ta gaba kuma ta riƙa watsa yashi a ƙafafunsa da cikin sarƙa, wanda shi ne ɓarnar da ta fi tsada, domin yashi da ruwa suna cinye sarƙa da haƙoranta.

A keken da aka tanadar wa madigadi, akwai ƙananan ramuka masu haƙori a ciki, waɗanda galibi ke karɓar ƙusar noti mai kaurin milimita 5, kuma ana samun su a gindin fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, da kuma kusa da wurin da aksul ɗin tayar baya ke zama. A waɗannan ramuka ake ɗaure siraran sandunan da ke tokare madigadi daga gefe da gefe. Daga sama kuma akwai rami a kan fok, da wani a ɗan guntun ƙarfen da ya haɗa sanduna biyun da suka gangaro daga ƙarƙashin sirdi, wanda ake iya kira gada. Aikin mai gyara a keken da ba shi da waɗannan ramuka shi ne ya samar wa kowannensu madadi, kuma kusan kowanne yana da shi.

Abin da ba shi da madadi shi ne fili, kuma da shi ya kamata a fara kafin a kashe ko sisi. Madigadi yana bukatar ya fi taya faɗi da kimanin milimita 8 zuwa 10, sannan ya bar tazarar da ba ta gaza milimita 10 ba tsakaninsa da taya a duk tsawonsa, har ma fiye da haka idan hanyar da ake bi ta ƙasa ce. Keken tsere mai taya milimita 25, wanda birkinsa ya kusa shafar taya, sau da yawa ba ya barin ko rabin wannan tazara a ƙarƙashin fok, kuma babu dabarar ɗauri da za ta buɗe wurin. Gwaji mai sauƙi shi ne a zura ɗan ƙaramin yatsa tsakanin saman taya da ƙarƙashin fok, sannan a maimaita a gadar baya: idan yatsa ya ƙi shiga, cikakken madigadi ma ba zai zauna lafiya ba, sai dai a sauya taya da wadda ta fi siranta ko a nemi gajeren madigadi. Girman da'irar taya ma abin dubawa ne, domin gargaren tsohon keken dako milimita 635 ne, na keken tsere 622, na keken duwatsu mai inci 26 kuwa 559, don haka madigadin da aka ciro daga wani ba ya bin lanƙwasar wani sai an sake masa siffa.

Idan fili ya samu, hanyar da ta fi dacewa ga sandunan gefe ita ce maƙala mai siffar harafin P, wato siririn ƙarfe da ake naɗewa a ƙafar fok ko a sandar baya, bakinsa biyu su haɗu su zama kunne mai rami, a zura ƙusar noti ta cikinsa ta kama sandar madigadi. Ta kanti takan zo da roba a cikinta, amma mai gyaran keke na iya yanko ta daga falle na baƙin ƙarfe ko alminiyam, ya huda bakunan, ya yi mata shimfiɗa da yankin tsohon tif. Wannan shimfiɗa ba ado ba ce, ita ke hana ƙarfe cin fenti, ita ce kuma ke hana maƙalar zamewa, domin ƙafar fok tana sirancewa ne yayin da take gangarowa, kuma girgizar hanya kullum ƙasa take tura abin da aka ɗaura mata. Maƙalar da ta dace ita ce wadda bakunanta ke saura kaɗan su haɗu kafin a ɗaure noti. Wadda bakunanta suka haɗu tun ba a ɗaure ba ta yi yawa, kuma za ta riƙa juyawa. Notin da ke da zoben roba a cikinsa ya fi na gama-gari a nan, domin ba ya kwancewa da kansa, idan kuma babu shi sai a ɗora noti biyu, na biyu ya danne na farko.

Hanya ta biyu tsohuwa ce, kuma masu gyaran kekunan dako sun san ta: a ɗora kunnen sandar madigadi a kan aksul ɗin kansa, a danne shi da washa da notin taya. Tana da ƙarfi, amma duk lokacin da za a cire taya domin faci sai an kwance madigadi, kuma dole a tabbatar aksul ya rage isasshen haƙori da noti zai kama sosai. Kekunan tsere da yawa ba su da wannan noti, sai wani siririn tsinke mai kaurin milimita 5 da ke ratsa aksul, mai ɗan hannu a gefe da ake dannewa ya kulle taya, dabarar da Tullio Campagnolo na Italiya ya ƙirƙiro wajen 1930. Ga irin waɗannan akwai ƙananan faranti masu rami biyu, ɗaya na tsinken, ɗaya na sandar madigadi, kuma sharaɗinsu shi ne hannun ya kulle da ƙarfi kamar yadda yake yi kafin a sa su.

Ɗaurin sama bai cika wahala ba. Inda birki ke maƙale a kan fok da ƙusa guda, kunnen madigadi na iya shiga bayan birkin ya raba ƙusar da shi, muddin an mayar da birkin daidai tsakiya. Inda babu rami ko kaɗan, ana huda madigadin kansa ramuka biyu a ɗaure shi a gada da igiyar roba mai haƙori, irin wadda masu aikin lantarki ke ɗaure wayoyi da ita, kuma baƙa ta fi fara jure rana, ko da yake ita ma takan bushe ta karye, don haka a riƙa duba ta. Keken duwatsu mai fok mai lotsawa yana da tasa ƙa'ida: madigadi yana ɗauruwa ne a ɓangaren ƙasa da ke hawa da sauka tare da taya, domin idan aka kafa shi dab da taya a ɓangaren sama, taya za ta buge shi a ramin farko da ta faɗa a hanya.

Akwai jarabar a kai keke wurin mai walda ko a huda shi da na'ura, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Jikin keke na baƙin ƙarfe yana karɓar ƙananan kunnuwa idan ƙwararre ya liƙa su da tagulla, sai dai fenti zai ƙone a wurin. Na alminiyam kuwa ƙarfinsa ya dogara ne da gashin da aka yi masa a masana'anta, kuma zafin walda yana kashe wannan ƙarfi a kewayen wurin, ya bar shi yana jiran tsagewa. Na zaren kabon, wato baƙin abu mara nauyi da ake yi da zare da ƙaro, ba a huda shi, ba a kuma matse shi da maƙalar ƙarfe, domin yakan tsage daga ciki ba tare da ido ya gani ba. Gajerun madigadai masu ɗaurin roba, irin su Raceblade na kamfanin SKS na Jamus, domin irin waɗannan kekuna aka yi su. Suna kare bayan mahayi, amma ba sa kare sarƙa yadda cikakke ke yi.

Haɗarin da ya fi girma yana tayar gaba. Idan kara ko dutse ya shiga tsakanin taya da madigadi, taya tana jan madigadin ya naɗe a bayan fok, ta tsaya cak, mahayi ya tuntsura ta saman kan keke, kuma ɗaurin da ya fi ƙarfi shi ya fi jawo wannan, domin babu abin da zai saki. Shi ya sa madigadan zamani da dama ke zuwa da 'yar roba a gindin sandunan gaba, wadda ke sakin sandar da zarar an fizge ta, kuma wanda ya yi ɗaurin maƙala ya kamata ya bar wannan roba a wurinta, sannan ya tabbatar tazarar wutsiyar madigadi ba ta fi ta gaba faɗi ba. Yumɓu mai danƙo irin na fadama yana yin kwatankwacin wannan a hankali, ya cika tazarar har taya ta ƙi juyawa, don haka ga mai bin irin wannan hanya kullum, gajeren madigadi da ya yi nesa da taya ya fi cikakke amfani. Kafin a hau kuma, a ɗaga keken a juya kowace taya a saurara, sannan a karya kan keke hagu da dama a ga ko tsinin takalmi na taɓa madigadin gaba lokacin da feda take gaba. Idan yana taɓawa, aikin bai ƙare ba.