Cutar PCOS ba ta tsaya ga haihuwa ba

Ba kasafai mace daga Gwarzo ko Kabo kan je asibiti don al'adarta ta tsallake wata biyu, ko don gashi ya fara tsiro mata a haɓa ba. Abin da ke kai ta shi ne an daɗe da aure shiru, dangin miji sun fara yada magana. Likita kan duba abu uku: rikicewar al'ada, alamun yawan sinadarin maza a jiki, da hoton sikanin mai nuna ƙananan ƙullutu jere a ma'ajiyar ƙwai. Biyu daga ciki sun isa a ce PCOS ce, in an kore wasu cututtuka. Ƙa'idar da masana suka tsayar ke nan a Rotterdam a 2003.

Sai dai cutar ta kai har cikin jini. A mata da yawa masu ita, jiki ba ya jin insulin yadda ya kamata, kitsen ciki kuma yana sakin sinadaran da ke hura kumburi a ɓoye, mara zafi, mara zazzaɓi. Hanta sai ta ƙara fitar da CRP, sinadarin da ke nuna akwai kumburi a jiki. Akwai kuma PAI-1, wanda ke taka wa jiki birki wajen narkar da gudan jini, shi ma yakan hau. Jinin ya fi saurin daskarewa ke nan.

To a tafi Kano a yi gwajin CRP da PAI-1? A ganina ɓarnar kuɗin mota ce. Ba da su ake gane cutar ba, kuma CRP ba ya faɗin inda wutar take. Da damina, zazzaɓin cizon sauro kaɗai ya isa ya harba shi sama. Awon suga da na hawan jini, waɗanda ba sai an wuce Babban Asibitin Gwarzo ba, sun fi amfani.

Inda batun daskarewar ke da nauyi shi ne ƙwayar tazarar haihuwa mai haɗe da istirojin, wadda ake bayarwa don daidaita al'ada. Magani ne mai kyau, amma ita ma tana ƙara haɗarin gudan jini. Mai ƙiba sosai, mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, kada ta saye ta a kemis don ta yi wa maƙwabciya aiki. In kuwa ana cikin sha ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe kwatsam, a nufi asibiti a ranar.