Hukuncin Karya Dokar Taƙaita Ban-ruwan Ciyawa a Lokacin Fari

TAMBAYA:

Ina zaune da iyalina a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka. Hukumar ruwa ta birnin ta kafa doka cewa ba za a ba ciyawar ƙofar gida ruwa ba sai kwana biyu a mako. Ciyawata ta fara bushewa, kuma ina ganin wasu maƙwabta suna kunna ruwa cikin dare a ranar da ba tasu ba. Da kuɗina nake biyan ruwan nan, waɗanda suka kafa dokar kuma ba Musulmi ba ne. Shin ina da laifi a wurin Allah idan na yi yadda suke yi?

AMSA:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

To ɗan'uwa, amsar a taƙaice ita ce: wajibi ne ka bi wannan doka, kuma bai halatta ka saɓa mata a ɓoye ba. Ga bayani.

Da farko ya kamata a san abin da dokar ta ƙunsa, domin ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci yadda yake. Jihar Kalifoniya ta dogara sosai da dusar ƙanƙarar da ke sauka a kan duwatsun Sierra Nevada, wadda take narkewa ta cika madatsun ruwa. Bayan shekaru na fari a jere, a 2022 babban tsarin rarraba ruwa na jihar bai iya ba hukumomin ruwa fiye da kashi 5 cikin ɗari na abin da suka nema ba. Shi ya sa daga ranar 1 ga Yuni 2022 birnin Los Angeles ya mayar da ban-ruwan waje kwana biyu a mako. A wancan lokacin, an ware wa gidajen da lambarsu ta ƙare da mara Litinin da Juma'a, masu cika kuma Alhamis da Lahadi. An hana ban-ruwa tsakanin ƙarfe 9 na safe da 4 na yamma, saboda a tsakiyar rana zafi yana ƙafar da ruwa mai yawa tun kafin ya kai ga saiwa. An fara da ciyawa ne saboda a Amurka kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwan da gidaje suke amfani da shi yana tafiya ne a wajen ɗaki, mafi yawansa a kan ciyawa da furanni. Ka ga ke nan an rage na ado ne domin na sha da girki da wanka ya isa.

Raba ruwa da ƙa'ida idan ya yi ƙaranci ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwam (RA) ya yi jayayya da wani mutumin Madina a kan magudanar da suke shayar da dabinonsu da ita, sai Annabi (SAW) ya umarci Zubairu ya shayar da gonarsa sannan ya saki ruwan ga maƙwabcinsa. Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya yi hukunci a kan ruwan kwarin Mahzur da Muzainib, cewa na sama zai riƙe ruwa har ya kai idon sawu, daga nan ya sakar wa na ƙasa. Rabo da kwanaki kuwa, Allah ya ba mu labarinsa a Suratus Shu'ara, aya ta 155, inda aka ware wa taguwar Annabi Salihu (AS) ranarta ta sha, mutanen gari kuma da tasu ranar. Malaman fiƙihu sun kafa hujja da wannan aya a kan halaccin raba ruwa ta hanyar karɓa-karɓa. Saboda haka malamai suka tabbatar cewa shugaba yana da ikon taƙaita abin da asalinsa halal ne idan maslahar jama'a ta buƙaci haka.

Maganar cewa da kuɗinka kake biya ba ta zama hujja ba. Allah ya hana ɓarna a Suratul A'araf, aya ta 31, kuma hanin ya shafi abin da mutum ya mallaka da guminsa. Ai ba a kiran mutum almubazzari sai a kan dukiyarsa. Anas (RA) ya ba da labari cewa Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Mudun nan cikin tafin hannu biyu ne na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Idan a ibada aka koya mana tsimin ruwa haka, ina ga ciyawar ado a shekarar fari? Sannan kuɗin da kake biya na ruwan da ya shigo gidanka ne bisa sharuɗɗan hukuma. Madatsar da ake jawo shi daga cikinta ta kowa da kowa ce, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa ruwa yana cikin abubuwa uku da Musulmi suka yi tarayya a cikinsu, tare da makiyaya da wuta. Duk abin da ka ɗiba fiye da rabonka, daga rabon wani ka ɗiba, ko da ba ka san fuskarsa ba.

Maganar cewa masu dokar ba Musulmi ba ne ita ma ba ta sauke maka nauyi. Wanda ya shiga ƙasa da biza ko takardar zama ko ya karɓi shaidar zama ɗan ƙasa, ya shiga ne da alkawarin kiyaye dokokinta. Haka wanda ya sa hannu aka jawo masa ruwa, ya yarda da sharuɗɗan da ke tare da shi. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura, bai ware alkawarin da aka yi da wanda ba Musulmi ba. Dokar da ba a bi ita ce wadda ta umarce ka da saɓon Allah. Wannan kuwa abin da shari'a take so shi ta umarce ka da shi. Ka kuma lura da abin da tashi cikin dare a ɓoye yake nufi: ha'inci ne, kuma ranar da aka kama ka, maƙwabtanka ba za su tsaya a kan sunanka ba, addininka za su ambata.

Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne:

1. Ka karanta dokar da kyau, domin tana canzawa gwargwadon halin ruwa, kuma irin waɗannan dokoki sukan sassauta wa bishiyoyi da lambun kayan miya idan da hannu ake ba su ruwa. Abin da aka sassauta halal ne gare ka, kada ka ƙuntata wa kanka.

2. Ka fifita bishiya a kan ciyawa. Bishiya idan ta mutu sai an yi shekaru kafin wata ta maye gurbinta, ciyawa kuwa sau da yawa takan yi ja ta kwanta, idan ta sami ruwa ta farfaɗo.

3. Ka riƙa tara ruwan alwala da na wanke kayan miya a bokiti kana zuba wa shuka. Ruwan alwala mai tsarki ne, babu laifi a zuba shi a gindin itace.

4. Ka gyara famfo da tiyo masu yoyo, ka daina wanke dandamalin ƙofar gida da ruwa inda tsintsiya za ta wadatar.

5. Kada tsimin ruwa ya kai ka ga hana dabba ko tsuntsu sha. Shayar da mai rai sadaka ce, kuma dokar ba ta hana wannan ba.

Idan ka riga ka saɓa a baya, ka tuba ka daina. Idan an ci ka tara ka biya, kada ka yi ƙarya don ka kuɓuce mata. Maƙwabcin da kake gani yana yi, ka yi masa nasiha cikin taushi, kada aikinsa ya zama uzurinka. Wannan hukunci ya hau kan kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya masu filin ciyawa, su ne ma suka fi cancanta su zama abin koyi. Haka yake a kowane gari da hukuma ta ƙayyade amfani da ruwa saboda ƙaranci.

Daga ƙarshe, fari tunatarwa ce. Allah ya tambaye mu a ƙarshen Suratul Mulk wanda zai kawo mana ruwa mai gudana idan namu ya ƙafe. Ku yawaita istigfari, ku yi sallar roƙon ruwa idan limamanku sun kira ta, ku haɗa addu'ar da kiyaye abin da ke hannu.

Allah ne mafi sani.