Sauya Bawul a Amfilifaya: Abin da Kunne Ke Ji da Abin da Aljihu Ke Biya

Wanda ya tashi daga Saint-Fons, garin masana'antun sinadarai da ke kudu da birnin Liyon a Faransa, ya shiga kasuwar gwanjo ta Puces du Canal a Villeurbanne ranar Lahadi, da wuya ya fita bai ci karo da tsohon akwatin rediyo na katako ba. Idan ya leƙa bayansa zai ga 'yan kwalabe a jere masu kama da ƙwan lantarki. Su ne bawul, kuma su ne ke ƙara ƙarfin sauti kafin tiransista ta bayyana a 1947 ta ƙwace musu kasuwa. Sau da yawa mai taya akwatin ba rediyon yake so ba. Kwalaben yake hari, don ya ciro su ya dasa a amfilifayarsa ta gida.

Liyon na da tsohon hannu a wannan sana'a. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, masana'antar Grammont mai yin ƙwan lantarki ta fara ƙera bawul ɗin da aka kira TM domin sadarwar sojoji, ƙarƙashin kulawar Kanar Gustave Ferrié. Kafin yaƙin ya ƙare an ƙera fiye da miliyan ɗaya a Faransa, har Ingila ta kwaikwayi fasalinsa. Daga baya kamfanin Visseaux na Liyon da La Radiotechnique da ke Suresnes kusa da Paris suka ci gaba da cika rediyoyin ƙasar da nasu. Duk sun daina tun da daɗewa, abin da suka bari a kwalaye kuwa shi ne yau ake wawaso.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. An zuƙe iskar cikin kwalbar, an sa wani zare da ke zafafa ƙarfen tsakiya har ya riƙa sakin lantarki zuwa wani faranti, sannan aka gitta siririyar waya a tsakaninsu. Ɗan raunin sautin da ya shigo ta wayar shi ke juya babbar wutar da ke wucewa, sai ƙaramin sauti ya fito babba. Bawul ba a liƙe yake ba, soket yake zaune, ana cire shi da hannu. Nan sha'awar ta samo asali: tunda ana iya cirewa, me zai hana a gwada wani a ji ko kiɗan zai fi daɗi? A Faransa mujallar L'Audiophile, wadda Jean Hiraga ya yi fice a cikinta tun daga 1977, ta taimaka ƙwarai wajen dawo da martabar bawul, kamfanin Jadis kuma da aka kafa a 1983 har yanzu irin waɗannan amfilifayoyi yake ƙerawa.

To, sautin yana canjawa da gaske? Yana canjawa, amma dalilan ba na tsafi ba ne. Ɗauki ƙananan kwalaben da ke karɓar sauti da farko. ECC83, wanda Amurkawa ke kira 12AX7, yana iya ninka sauti kusan sau 100. ECC81 kusan sau 60 ne, ECC82 kuwa bai kai 20 ba. Dukansu ƙafa tara gare su, soket ɗaya suke shiga, amma wanda ya musanya ɗaya da ɗaya ya canja lissafin da injiniya ya gina na'urar a kai. Ko a cikin lamba ɗaya ma, kwalabe biyu ba sa fitowa daidai wa daida. Wani yana da shuu a bayan kiɗa. Wani idan ka ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan fensir sai ka ji ƙarar ta fito ta lasifika, alamar cikinsa ya saki, yana ɗaukar girgiza. Babban dalili kuma shi ne tsufa. Manyan kwalaben da ke tura lasifika, irin EL34 da KT88, suna gajiya bayan 'yan dubban sa'o'i. Mutum ya cire gajiyayye ya sa sabo, ya ji gidan ya cika da sauti, sai ya yaba wa sunan kamfanin, alhali kowane lafiyayyen bawul zai yi wannan aikin.

A ganina nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Tsofaffin kwalaben Telefunken na Jamus da Mullard na Ingila da Mazda na Faransa an yi su da inganci, babu musu, amma farashinsu ya jawo 'yan damfara. Ana goge rubutun bawul mai araha a buga masa babban suna. Shi ya sa masana ba sa kallon fenti, gindin kwalbar suke juyowa: Telefunken na asali yana da ɗan tambari mai kusurwa huɗu da aka zuba a jikin gilashin, tsakanin ƙafafun. Suna kuma duban tabon nan mai ƙyalli kamar madubi da ke cikin kwalbar, wanda aikinsa shanye ragowar iska. Idan ya koma fari fat kamar alli, iska ta shiga, bawul ya mutu ko da kwalinsa sabo ne. Sunan kansa ma ba ya nufin abin da yake nufi a da. Sababbin kwalaben da ake sayarwa yau da sunan Mullard ko Tung-Sol daga wata masana'anta suke fitowa a Saratov ta Rasha. Ita da JJ Electronic ta Sulobakiya da wasu 'yan kamfanonin ƙasar Sin su ne ke riƙe da yawancin kasuwar, shi ya sa da Rasha ta taƙaita fitar da kaya a watan Maris na 2022 farashi ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki.

Akwai kuma haɗari, wanda masu zumuɗi kan manta. Cikin amfilifayar bawul akwai wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 500, kuma wasu sassan suna riƙe ta ko bayan an zare fulogi. Hannu ba ya shiga ƙarƙashin na'urar sai na mai gyara. Shiga soket kuma ba ya nufin dacewa: zaren 6L6 yana jan amfiya 0.9, na EL34 yana jan 1.5, to idan aka ɗora na biyun a gurbin na farkon, taransifoma ce za ta ɗauki nauyin, ta yi ta zafi har ma tana iya ƙonewa. A amfilifayoyi da yawa, duk lokacin da aka sauya manyan kwalabe dole a sake saita yawan wutar da ke bi ta cikinsu, kuma a sayo su bibbiyu waɗanda aka auna suka yi daidai. Idan ka ga farantin ciki ya yi ja kamar garwashi, kashe nan take. Ba a kuma kunna irin wannan na'ura babu lasifika a haɗe. Wanda ya sayo tsohuwa a Faransa ya duba maɓallin zaɓen wuta da ke bayanta, domin da yawansu an yi su lokacin da gidaje ke kan bolt 110 ko 127. Wanda zai kai ta Kano ko Maraɗi kuwa, inda wuta ke hawa da sauka, ga zafin bazara, sai ya tanadi sitabilaiza da wuri mai iska.

Gwajin gaskiya ba ya cin ko sisi. Kunne yana da wani rauni: duk sautin da ya ɗan fi ƙarfi, ko da kaɗan ne, sai ya ce shi ya fi daɗi. Saboda haka a daidaita ƙarfin sautin kafin a kwatanta, a bar kwalaben su ɗumama na wasu mintoci, sannan wani daban ya yi musanyar ba tare da ya faɗa maka wanne ya sa ba. Idan ka iya nuna mai tsadar sau da yawa a jere, kuɗinka bai faɗi ba. Idan ka kasa, ka mayar da shi ga mai shi, ka sa kuɗin a lasifika mai kyau ko a labule da darduma da za su rage amsa-kuwwar ɗakin, domin waɗannan sun fi kowace kwalba canja abin da za ka ji.